Ukun da Kawu Ya Karanta Takwas

Neuquén, Janairu 2019

Kawu Hermágoras, a sa mini albarka.

Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da gwiwar nan taka mai gardama. Ka gaishe mini da Doña Ubaldina, ka ce mata Allah ya saka da alheri. Ba kowace maƙwabciya ce za ta yarda ta riƙa buga maka wasiƙuna a shagon kan kwana ba, sannan ta dawo ta ɗauki hoton naka ta turo mini, duk don ka rantse ba za ka taɓa latsa waya ka rubuta wa ɗan'adam magana ba. Ni lafiyata ƙalau. Tarin nan ya tafi.

Albishirinka, Kawu. Na bar gidan burodi. Wani ƙaramin kamfani da ke yi wa masu rijiyoyin gas zane ya ɗauke ni gwaji. Shugabarmu mace ce, Injiniya Quiroga, ba ta dariya sai da dalili. Ta juya takarduna ta ce, "Daga Maracaibo kike? An ce ku can da ɗanyen mai ake yaye ku. To mu gani." Sai ta miƙo mini aikin da ka shekara talatin kana koyarwa. Akwai tanki da za su kafa a Añelo, garin da rijiyoyin suke, gas zai fito daga rijiya da ƙarfinsa ya shiga ciki, a rage masa matsi, wani kaso ya kwanta ya zama ruwa, wani ya tashi tururi. So take in faɗa mata nawa zai kwanta, nawa zai tashi, da abin da ke cikin kowanne, don a san girman bututu da injin da za a saya. Manhajar da manyan kamfanoni ke amfani da ita ta fi ƙarfinsu, saboda haka ni zan rubuta tawa. Idan ta yi kyau kujerar tawa ce. Idan ba ta yi ba, tanderun burodi na nan yana jirana.

To ga inda na maƙale. A ƙaramin matsi lissafin yana zama lafiya lau. Da na hau matsin rijiyar sai kwamfuta ta haukace. Wani zubin ta ce mini tururin ya fi dukan abin da na zuba yawa, wani zubin ta ce ya gaza sifili. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne idan ta yi ta zagaye, ta ƙare ta ce ruwan da tururin ai abu ɗaya ne, ta tsaya tana kallona kamar ta yi abin kirki. Na san ka faɗi maganin wannan a aji. Ina jin muryarka amma na rasa kalmomin.

Garin nan iska ce kawai da rairayi. Ran Lahadi nakan je bakin kogi in zauna, amma ruwansu sanyi gare shi kuma ba ya warin komai. Wallahi har warin tafkinmu nake kewa, wannan na mai da ruɓaɓɓen ganye da marigayiya Inna Chela ke toshe hanci idan mun hau gada.

’Yarka,
Nelitza

Maracaibo, ƙarshen Janairu 2019

Allah ya yi miki albarka, Neli, ya tsare ki.

Lafiyata garau. Gwiwa tana nan tana siyasarta, ni kuma ba na kula ta. Ubaldina ta amsa gaisuwa, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci, wai a hoton ƙarshe wuyanki kamar na zalɓe.

Wato sai da kika tsallaka ƙasa shida kika tuna kawunki ya san wani abu? Lokacin da nake faɗin wannan a aji kina kujerar baya kina aika wa wani mai gashi kamar tsintsiya takarda. Na gan ki. Ban yi magana ba ne don kada a ce Farfesa Villasmil ya kawo rigimar gida makaranta.

Buɗe kunnenki. Kafin ki saki injin lissafinki ya ruga, ki fara tambayar cakuɗar ko ma tana da niyyar rabuwa. Ki gwada lissafin a sifili, wato ba tururi ko kaɗan, ki gwada a ɗaya, wato duka tururi ne. Idan gwajin farko ya fito sama na biyu ya fito ƙasa, amsar tana tsakaninsu, kin yi mata shinge ke nan. Hanyar lissafin Newton da kike bi tana da sauri amma ɗan akuya ce, tana son tsallake shinge. Duk lokacin da ta yi tsalle ta faɗa waje, ki kamo ta, ki raba tazarar biyu, ki ci gaba daga tsakiya. Batun da take ce miki ruwa da tururi abu ɗaya ne kuwa, laifinki ne, kin jefa ta tsakiyar tafki ba ta iya iyo ba. Ki fara daga ƙaramin matsi inda amsa take a fili, ki riƙa hawa kaɗan-kaɗan, amsar kowane mataki ta zama mafarin na gaba. Haka muka yi wa tashar gas ta tsallaken gada a shekarar saba’in da shida.

Kin san a kan wannan lissafin na samu Innarki? A zamanin ba a taɓa kwamfuta. Tana wani ɗaki mai sanyi kamar asibiti, mu namu mu rubuta a takarda, ’yan mata su huda mana shi a katunan da take karantawa, mu ɗauki kwalinsu mu miƙa ta taga, mu dawo gobe. Kati ɗaya ya kuskure, ranarka ta tafi. Na kai kwalina ya dawo da tsiya, na sake kaiwa ya dawo da tsiya. Rannan wata doguwa mai jan baki ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, kai ne mai tururin nan?" Na ce ni ne. Ta ce, "To tururinka ya ishe mu. Ka zo ka zauna kusa da ni ka karanta mini da bakinka, rubutunka kamar kaza ta bi ta kan tawada." Na zauna. Chela ke nan. Ranar da lissafin ya zauna, ni da abokan aikina muka cika mota muka tafi bakin tafki muka ci soyayyen kifi da ayaba, ita ma muka ɗauke ta. A lokacin idan kika tsaya a bakin ruwa hasumiyoyin rijiyoyin mai kike gani har inda ido ya ƙare, jiragen ma’aikata suna kai da kawo kamar kasuwa. Muna ganin duniya ba za ta taɓa juya mana baya ba.

Sauran katunan nan su ne kika riƙa zana jirgi a bayansu lokacin da mahaifiyarki ta rasu muka ɗauko ki. Akwai kwali guda a kan kabad har yanzu.

Ki gyara, sannan ki aiko mini da ƙaramin misali mai abu uku kacal, in yi shi da hannu mu gwada da na injinki. Ban taɓa yarda da amsar da fensir bai shaida ba.

Kawunki,
Hermágoras

Neuquén, farkon Fabrairu 2019

Kawu, albarka.

Ina fatan kana lafiya. Ka ce wa Doña Ubaldina ina ci, har na koyi shan ganyen nan nasu mai ɗaci da suke zagayawa da tsinke ɗaya ofis guda. Farko na ƙi, sai na ga ana kallona kamar na zagi uwar wani.

Kawu, ya zauna! Na ɗaure ƙafar ɗan akuyanka, na hau matsin sannu a hankali kamar yadda ka ce, lissafin ya bi ni har sama bai ɓace ba. Na yi ihu a ofis, Injiniya Quiroga ta ɗago tabarau ta ce, "An ci ƙwallo ne?" Mai gashin tsintsiya kuwa yana Bogotá yana sayar da inshora, kuma duk gashin ya zube, hankalinka ya kwanta.

Ban taɓa jin labarin tagar nan ba. Inna Chela ce mini ta yi a coci kuka haɗu. Na karanta wurin sau da yawa. Na tuna ta da safiyar Asabar a bakin murhu tana murza ƙullin masara da ayaba tana jefawa a mai, kai kana tebur da fensir a bayan kunne kana satar na farko, tana buge maka hannu da ludayi.

Ga misalin a ƙasan takardar, nau'in gas uku ne: rabi mitan, saura furofen da heksan, da lambar rabon kowanne tsakanin tururi da ruwa. Ba zan faɗa maka amsata ba sai na ga taka. An ba ni zuwa ƙarshen wata in miƙa aikin.

Neli

Maracaibo, Fabrairu 2019

Allah ya yi miki albarka.

Muna lafiya. Zafi ya yi yawa, ruwan famfo sai ya ga dama.

Na yi lissafinki. Kashi hamsin da takwas cikin ɗari ne zai tashi tururi. Na bi shi sau biyu.

Innarki ta ce coci ne saboda mahaifinta yana raye lokacin, kuma ya fi son jin coci.

Kawunki

Neuquén, ƙarshen Fabrairu 2019

Kawu, albarka.

Lafiya dai ko? Wasiƙarka gajeruwa ce, kuma rubutun ya yi manya-manya, layin ƙarshe har ya gangara ya kusa fita daga takarda. Ka ce wa Doña Ubaldina ta riƙa miƙe wayar.

Ka kusa kashe ni, Farfesa. Injina arba’in ya ba ni, kai ka ce hamsin da takwas. Ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunanin kai ne ka kuskure ba. Na je wurin Injiniya Quiroga na ce mata a ƙara mini lokaci, akwai ɓaraka a manhajata. Ta ce, "Wa ya gano?" Na ce kawuna. Ta ce, "Yana wane kamfani?" Na ce yana zaune a tsakar gida a Maracaibo da fensir. Ta ce masu tankin ba za su jira kawun kowa ba, mako guda ta ba ni.

Na warware manhajar layi-layi ban ga komai ba. Na yi da hannu, arba’in. Na sake, arba’in. Da na rasa abin yi sai na juya tambayar: wace lamba zan canza in samu amsar Kawu? Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan furofen na mayar da 0,38 ta zama 0,88, sai ga hamsin da takwas cif. Kawu, ukuna ka karanta takwas! Lissafinka daidai yake tun daga sama har ƙasa, lambar shiga ce kawai ta yaudare ka. Na yi dariya har da hawaye. Mutumin da ya kayar da rabin aji saboda waƙafi, yau ga shi a hannuna. Da Inna tana nan da ta sa an buga wannan a jarida.

Na miƙa aikin. Sun karɓa, za su gina a kansa. Kujerar ba ta tabbata ba sai an kunna tankin an ga gaskiyata. Akwai wata cakuɗa mai nauyi da ke tafe, zan turo maka lambobinta mu sake karawa.

’Yarka mai nasara,
Neli

Maracaibo, farkon Maris 2019

Allah ya yi miki albarka.

Na ji. Na yi murna da aikinki.

Kada ki ƙara aiko mini da lambobi.

H.

Neuquén, Maris 2019

Kawu, a sa mini albarka, in har ba ka janye ta ba.

Na karanta layin nan naka har na haddace. Ka yi haƙuri. Wasa nake yi, irin wanda muka saba, ban san zai yi maka zafi haka ba. Wace ce ni da zan yi maka dariya a kan lissafi? Duk abin da na sani a teburinka na tsince shi. Ukun nawa ma na sake dubawa, cikinsa ya kusa rufewa, kowa zai iya ɗaukarsa takwas. Laifina ne.

Amma ni ma bari in faɗi tawa. A duk ƙasar nan ba ni da wanda zan yi wa maganar nan ya gane daɗinta sai kai. Idan ka rufe mini wannan ƙofar, me ya rage? In riƙa tambayarka gwiwa kana ce mini garau?

Neli

Neuquén, tsakiyar Maris 2019

Kawu,

Na ga labarai. An ce ƙasar gaba ɗaya ba wuta, an ce Maracaibo ta fi kowa shan wuya, an farfasa shaguna. Wayar Doña Ubaldina ba ta shiga. Na kira duk wanda na sani a unguwar Santa Lucía, babu wanda ya ɗaga. Ban damu da fushinka ba yanzu, ka ci gaba da yi har shekara. Kalma ɗaya kawai nake so, ko ta zagi ce. Kana da ruwan sha? Maganin hawan jininka fa?

Ina tura wannan ko da ba za ta isa ba.

Neli

Maracaibo, Afrilu 2019

Neli, Ubaldina ce mai rubutun, kawunki ne mai magana. Ya ce in rubuta abin da ya faɗa kawai. Zan yi ƙoƙari.

Allah ya yi miki albarka, ’yata. Ba a janye albarka, ba bashi ba ce. Muna raye. Wuta ta tafi ta daɗe, ta dawo ta sake tafiya, yanzu tana leƙo mu kamar baƙuwa. Abin da ke firij ya lalace, sai unguwa ta haɗa tukunya ɗaya a tsakar gidana aka dafa komai da itacen mangwaron da ya faɗi. Rabon da in ji gidan nan cike da surutu haka tun Disambar da ake zuwa gwajin kiɗa Innarki tana rabon abinci. Wasiƙunki biyu tare suka shigo, Ubaldina ta karanta mini.

Ta karanta mini, na ce. Ki lura da wannan. Ukunki ba shi da laifi, ƙalau yake. Idona ne. Yanar ido ce ta rufe su duka biyun. Ta fara tun shekarar da Chela ta rasu, a hankali, kamar ana hura hayaƙi a ɗaki. Na dama ya tafi, sai haske da inuwa. Na hagu da shi na yi miki lissafin nan, da gilashin ƙara girma, a bakin taga da tsakar rana. Da kika rubuto cewa kin jinkirta aikinki saboda amsata, na tsorata. Ba dariyarki ce ta dame ni ba, na ji daɗinta ma. Abin da ya tsorata ni shi ne kin yarda da ni fiye da idonki, kuma ni ban cancanci haka ba yanzu. Tanki ne za a cika da gas, mutane za su tsaya kusa da shi. Shi ya sa na ce kada ki ƙara turowa. Na so in yi bayani, amma layi uku na iya gani a ranar.

(Neli, ni ce. Ƙarya yake, girman kai ne ya hana shi. Tun bara nake ce masa ya faɗa miki. Rannan gishiri ya zuba a kofi ya shanye don kada in gane. Ya gaishe da tukunyar fulawa a ƙofar gidana, ya ce mata barka da rana.)

Na ji alƙalami yana tafiya alhali na yi shiru. Ubaldina, me kike rubutawa? To, duk abin da ta ce ki rage rabi.

Likitan da ya ce zai yi mini aiki ya koma Chile. Wanda ya gaje shi ya ce kayan aikin babu, in jira. Ina jira. Ban faɗa miki ba don na san ki, za ki ajiye komai ki taho, ki zo ki zauna kina kallon tsoho yana laluben bango. Ban yi miki rakiya har tashar mota ina murmushin ƙarya don ki dawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba hanya ba ce, na san gidan nan da ƙafata. Hoton Innarki da ke kan rediyo ne. Na san yana wurin, ina goge shi, amma sai dai in tuno abin da ke ciki.

Ki ba ni labarin tankin.

Kawunki,
Hermágoras

(Ya rame. Yana cin abinci idan na tsaya a kansa. Ki yi wani abu. U.)

Neuquén, Mayu 2019

Kawu, albarka. Doña Ubaldina, ki karanta masa da ƙarfi, kada ki tsallake komai ko ya ce ki tsallake.

Na yi fushi, na yi kuka, na gama. Tukunyar fulawa, Kawu? Ka bar ni ina ba ka haƙuri wai cikin ukuna ya rufe?

Ga labarin tankin tunda ka tambaya. An kunna shi makon jiya. Muka tafi Añelo da motar kamfani, sanyi ya fara, iska kamar za ta ɗauke mutum. Aka buɗe rijiya, bututu ya ɗauki kuka, na tsaya gaban ma’aunin ruwa na zuba masa ido. Ruwan ya hau, ya hau, ya yi ’yar rawa, ya tsaya ɗan ƙasa kaɗan da inda na ce. Injiniya Quiroga ta duba takardata ta duba ma’auni, ta ce, "Ba laifi." Mutanen wurin suka ce rabon da ta faɗi haka tun ana ɗaura mata aure. A hanyar dawowa ta ce in kawo takarduna ofis a yi mini na dindindin. Sai ta ce, "Kawun nan naki mai fensir, shi ya koya miki hawa matsi daki-daki?" Na ce shi ne. Na ba ta labarin idonka. Sai ta ce mahaifiyarta an yi mata irin aikin a asibitin garin nan, da safe aka shiga da ita, da rana tana gida tana faɗa wai ashe labulenta ya yi datti haka ba wanda ya gaya mata.

Na je asibitin na tambaya. Za su duba ka. Ido ɗaya tukuna, bayan ’yan makonni ɗayan.

Saboda haka ba ni zan dawo ba, kai za ka zo. Na san abin da za ka ce: gidan, kabarin Inna, littattafanka, wai tsohon Maracaibo ba ya rayuwa inda ake sa rigar sanyi. Ban ce ka zo ka mutu a nan ba. Ka zo a wanke maka ido, in ka ga dama ka koma ka ci gaba da gardama da gwiwarka. Ƙanen Doña Ubaldina yana kai mutane Maicao da ke tsallaken iyaka, daga can mota zuwa Barranquilla, sauran hanya jirgi ne, kuma akwai masu tura keken marasa lafiya a kowane fili. Ɗakina ƙarami ne amma tagarsa tana kallon rana.

Kai ka ɗauko ni ina shekara shida, ban san kowa ba, ka zaunar da ni a bayan ajinka. Ban tambaye ka dalili ba, na bi ka. Yanzu kai ma kada ka tambaya.

’Yarka,
Nelitza

Maracaibo, Yuli 2019

Allah ya yi miki albarka, Neli. Ubaldina ce ke rubutu, kuma ta yi alkawari a gaban hoton Uwargijiyarmu mai tsarki ta coci ba za ta sa baki ba.

Lafiya muke. Na yi jinkirin amsa saboda ina ta neman hujjar da zan ƙi, duk wadda na ɗauko sai ta karye a hannuna. Na ce wa Ubaldina gida zai lalace. Ta ce ɗiyarta da jikoki suna cunkushe a ɗaki ɗaya, za su zauna su riƙe shi. Na ce kabari fa? Ta ce da can ma ita take share shi, ni tsayawa kawai nake ina ba ciyawa labari.

Shekaranjiya na sa aka kai ni jami’a. Na ce a ɗora littattafan a baro. Dogon barandan nan da kika sani, wanda mutum ba ya iya wucewa sai ya yi ta ba da haƙuri, takun ƙafata kawai nake ji a cikinsa. A ajinmu na samu wata malama da na koyar, da ɗalibai ’yan kaɗan, sun jawo kujeru bakin taga saboda ba wuta. Ta ce, "Farfesa, tunda ka zo sai ka ce wani abu." Na ce ba na ganin allo. Wata yarinya ta ce, "Ka faɗa, ni zan rubuta." Na tambaye su me suke yi. Suka ce rabon ruwa da tururi, kuma lissafin ya ƙi zama. Neli, irin naki ne sak. Na yi musu darasin gaba ɗaya da ka, alli yana ƙara a bayana, har aka manta da lokacin tashi. Da muka gama na ce su raba littattafan, kada su bar wa kabad ko ɗaya.

Daga can na ce direba ya bi da ni ta bakin tafki. Ban ga komai ba sai fari fat, amma na ji iskar, na ji ruwa yana dukan duwatsu. Na yi sallama da shi yadda ya kamata, ko da zan dawo.

Zan taso ranar Talata ta biyu a watan gobe. Jaka ɗaya ce, da kwat ɗin aurena, tunda ita kaɗai ce rigar da na mallaka mai kauri. Ubaldina ta ɗinka takardar da ke da sunanki da lambarki a cikin aljihu, kamar ɗan makaranta.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan aka turo ni daga ƙofar filin jirgi, kada ki tsaya daga nesa kina ɗaga hannu kina jira in gane ki. Zan wuce ki, kuma abin zai yi mana ciwo mu duka. Ki matso kusa, ki kira ni da ƙarfi yadda kike yi daga bakin titi idan kin dawo makaranta kin manta makulli. Muryar nan ko cikin mutum dubu zan tsince ta.

Kawunki,
Hermágoras Villasmil